Ita Ce Ta Karanta Sanarwar Magaji

Kanari na guga a falo, Umma na gefe tana ɗinke maɓallin riga, sai waya ta yi ƙara. Saboda zaƙin muryarta ake ce mata Kanari, ita ce mai karanta labaran ƙarfe ɗaya a gidan rediyon ƙasar. Tana ganin mai kiran ta saki murmushi.

"Auta, yau ma ba ka ci abinci ba, ko?"

Ya ce, "Yayana ya rasu, Kanari. Haɗarin mota, ɗazun nan."

Ta saki salati, dutsen gugar na kan mayafi har ya fara ƙauri.

'Ya'yan Sarki biyu ne, Auta ne ƙarami. Likitan dabbobi ne shi, ya fi sakewa a cikin garke da ya zauna a fada. Sun haɗu ranar da ta kai kyanwar Umma asibitinsa, shekara uku ke nan. Ba wanda ya damu da wadda zai aura, tunda ba shi zai hau karaga ba, har an sa rana saura wata biyu. To amma ƙasar na da tsohuwar doka: magajin sarauta ba ya aure sai daga gidaje uku na masu zaɓen sarki.

Bayan makoki Auta ya zo gidansu, duk ya faɗa, ya zauna a bakin kujera kamar baƙo.

"Baba ya ce ni ne magaji. Ya ce in yi masa alkawari ba kira, ba zuwa, sai majalisa ta yanke hukunci a kanmu. Ni kam zan ce ba na so, wallahi su riƙe kujerarsu!"

"In ka ƙi, wa zai hau?"

"'Ya'yan baffana..."

"Waɗanda ko gaisawa ba sa yi? Ƙasar za su yaga kamar tsumma, a ce ni ce sila." Hawaye ya zubo mata. "Ka je ka yi wa mahaifinka biyayya. Ya rasa ɗa, kar ya rasa na biyu."

"Ke fa?"

"Ina nan. Ina za ni?"

Yana fita ta kife a cinyar Umma ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Washegari Kawu, yayan Umma, ya faɗo gidan babu ko sallamar kirki.

"Ke wace irin sakarya ce? Arziki na kiranki kina toshe kunne! Ga makirfo a gabanki kullum, ƙasa duk na saurarenki. Ki fashe da kuka a rediyo, ki karanta wasiƙunsa, jama'a su tashi, ko fada ba ta so sai ta sauya doka. Mu ma mu ɗana surukuta da Sarki!"

"Kawu, makirfon nan amana ce, ba ta gidanmu ba ce. Wasiƙunsa kuma ni ya rubuta wa."

"To zauna, ki tsufa kina karanta bikin wasu!"

Umma ta ce, "Yaya, ka ƙyale min yarinya da abin da ke damunta."

Sati biyu bayan haka edita ya ajiye mata takarda a kan tebur. Sanarwar fada ce. Ya dube ta da tausayi ya ce, "In ba za ki iya ba in ba wani."

"Aikina ne, Oga. Zan iya."

Jar fitilar ɗakin watsa labarai ta kama. Ta sanar wa ƙasa cewa Sarki ya naɗa ɗansa magaji, kuma gidaje uku za su gabatar da 'ya'yansu mata. Ko tuntuɓen harshe ba ta yi ba. Sai da fitilar ta mutu ta cire abin sauraron da ke kunnenta, ta shige banɗaki ta kunna famfo don kar a ji ta.

Haka rayuwa ta miƙa. Magaji ya buɗe asibiti, ita ke karantawa. Magaji ya tafi ƙasar waje, ita ke karantawa. Ta san duk inda ya taka, amma ba ta san ko ya yi barci ba. In bas ɗinta ta bi ta gaban tsohon asibitin dabbobin, sai ta kau da kai, ta kuma juyo kafin a wuce. Sau nawa take danna lambarsa ta goge! Manema suka zo, ta ba su haƙuri. Ƙawaye suka ce, "Ke dai kin fiye wahalar da kai, wanda ya shiga fada ai ya shiga ke nan."

Shi kuwa Auta, duk wadda aka kawo sai ya ce, "Sarauta na karɓa don biyayya. Amma ba zan ɗauko 'yar mutane in zalunce ta ba, zuciyata na wani wuri." Mahaifiyarsa Sarauniya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Bai ɗaga mata murya ba, bai kuma karya alkawari ba.

Shekara biyu ana haka. Gidajen uku suka koma cin dunduniyar juna, kowa na cewa gara bare da 'yar wancan gidan. Sarki ya tara su ya ce, "Kakanninmu sun kafa dokar nan don a zauna lafiya. Yau ita ke hana ku gaisawa. Me za mu yi da ita?" A zama ɗaya aka soke ta.

Wata la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidan su Kanari. Sarauniya ce da kanta. Umma ta rikice, ta rasa kujerar da za ta ba ta. Kanari ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Tashi, 'yata. Shekara biyu ina kunna rediyo, ina jiran ki tona mana asiri in samu hujja a kanki. Kin hana ni hujja. Ki yafe min."

Kanari ta miƙe. Sai ta ji sallama daga bakin ƙofa, muryar da ta kwana ta tashi da ita a rai. Auta ne, ya ƙara ramewa, har furfura ta fara leƙowa.

"Watan jiya kin yi mura," ya ce. "Kwana huɗu. Na ji a muryarki, na rasa yadda zan ce miki sannu."

Ta rufe fuska, dariya da kuka suka haɗe mata. "Sai yanzu?"

"Sannu, Kanari."

Aka ɗaura aure bayan wata guda, kuma Kawu ne ya fi kowa baza riga a sahun gaba.

Da Kanari ta bi hanyar hayaniya, wataƙila da ta samu mijin, amma da ta shiga gidan da ba mai ƙaunar ganinta. Ta riƙe amana, shi ya riƙe alkawari. Mai haƙuri na iya daɗewa a bakin ƙofa, amma ranar da za a buɗe masa, da hannu biyu ake tarbarsa.