Ɓaraguzan Kicin Ɗin Rage-Mini

Rana ta sunkuya bayan dogayen benaye, hayaniyar motoci a ƙasa ta fara lafawa, sa'ad da guduma ta fara sauka a bangon kicin ɗin Rage-Mini.

Rage-Mini ba sunanta na yanka ba ne. 'Yan kasuwa ne suka laƙaba mata, don ko allura za ta saya sai mai kaya ya yi gumi. Shekara tara da rasuwar maigidanta, tana zaune a hawa na uku ita da 'yarta Auta, tana sayar da yadi, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Kicin ɗin nan kuwa shekara ashirin da shida tana girki a ciki, bai taɓa tsone mata ido ba sai ranar da ta je gidan ƙanwarta, matar injiniya, ta tarar ana ƙarasa sabo: tayil har rufi, kabad a jere, ga farin dutse mai sheƙi shimfiɗe a kan kantar girki.

"Yaya, leƙa ki ga fuskarki a ciki," in ji ƙanwar.

Ta leƙa. Abin da ta gani bai yi mata daɗi ba, ranar ko abinci ba ta ci ba.

Washegari ta kira maginin da ke yi wa ƙanwar aiki, ta sa Auta ta riƙe takarda da biro, da yake ita karatunta bai wuce lambobi ba.

"Ladan aikina dubu ɗari uku," in ji magini.

"Rabi."

"Hajiya, a rabi sai dai in riƙa zuwa bayan na tashi daga gidan ƙanwarki. Da magariba fa ke nan."

"To zo da magaribar mana. Bango ya san agogo ne?"

"Sai sauke ɓaraguzai daga hawa na uku, da motar da za ta kai su bayan gari, dubu tamanin."

"Shara zan biya wa kuɗin mota? Auta, soke. A tara su a baranda."

Haka ta bi takardar tana yanka, har magini ya daina musu. Layi ɗaya ne ba ta taɓa ba: farin dutse, wanda zai fi na ƙanwarta faɗi da taƙi guda. Kuɗinsa na ƙulle daban a ƙasan akwati.

To, a wannan magaribar, da gudumar ta fasa tsohon kabad ɗin da aka gina cikin bango ƙarƙashin taga, sai wani sanyi ya fito, da wari irin na jiƙaƙƙiyar toka. Magini ya tsaya da hannu a sama. Ya kwashe ɓaraguzan ya zube a baranda, ya sauka bene da sauri, har ya manta hularsa.

Kashegari, ana kiran salla, ɗan guntun bulo ya faɗo cikin tukunya. Taga a rufe take. Na biyu ya daki kwano, na uku ya wuce ta gefen kunnen Rage-Mini ya tsaya a ƙofa.

"Mama, daga baranda suke fitowa," in ji Auta a hankali.

"Yaran hawa na huɗu ne. Rufe mini baki."

Ba kowa a hawa na huɗu tun wata biyu, su duka sun sani.

Rana ta uku babu jifa. Shiru ne kawai ya cika gidan, irin wanda ke danne kunne. Rage-Mini ta dawo daga shago da duhun magariba, ta tarar da Auta durƙushe cikin ramin da aka fasa, ta juya baya, tana karanto takardar lissafin da muryar wata tsohuwa. "Fanfo, dubu goma sha biyu. Fitila, dubu tara." In ta kai ƙarshe sai ta koma farko. Takardar kuwa tana can ɗaki a cikin jaka.

Matan maƙwabta huɗu suka kasa ɗaga ta. Kwana biyu ba ci ba sha, leɓɓanta suka tsattsage. Sannan Rage-Mini ta sa mayafi ta je ta durƙusa gaban tsohon malamin da ke ƙarshen layi, ita da ba ta saba roƙo ba.

Malam ya hau benen yana hutawa a kowane hawa. Ya zauna kan juyayyen bokiti, ya karɓi ruwa a kofi, ya daɗe yana karatu murya ƙasa-ƙasa. Da ya yayyafa mata, Auta ta gantsare, ta juyo da idanu farare.

"Wace ce ke?"

"Mai gidan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ta riƙe biro. Shekara arba'in ina cikin kabad ɗin nan, tun kafin waccan ta shigo amarya. Ban taɓa ɓata mata tukunya ba. A takardar an ba fanfo layinsa, an ba fitila layinta, ni ko sallama ba a yi mini ba. Aka rusa a kaina daidai lokacin da nake shigo da 'ya'yana, aka zube ɗakina a baranda."

"An yi miki ba daidai ba. Amma jikin nan ba naki ba ne, za ki fita."

Muryar ta yi dariya. "Zan fita, kyauta ma. Na ga wani kicin a cikin idon matar nan, dare da rana shi take kallo, har ni ma ya shiga raina. Mai farin dutse. Can ya dace da ni, ba wannan kangon ba. Gobe in shiga bokitin magini ya kai ni. Ko sisi ba za ta kashe ba. Ta ce mini je ki, shi ke nan."

Malam ya dubi Rage-Mini. "Ke kika tashe ta, da bakinki take neman hanya. Ni dai ban ba ki shawarar haka ba."

Allah ya sani, Rage-Mini ta hango faranti na tashi a kicin ɗin ƙanwarta, ta hango farin dutsen ya tsage biyu, ta ji wani zaƙi a harshenta. Kalma biyu ce kawai. Sai kuma ta hango yaron ƙanwar, ɗan wata takwas, yana rarrafe a kan tayil ɗin nan yana cusa duk abin da ya tsinta a baki.

"Ba za ki je ba," ta ce. "Faɗi wani farashin."

"To a kwashe ɗakina, kowane gutsure, a sa a mota a kai bayan gari kafin rana ta sake faɗuwa. In bi abina."

"Wannan shararki ce, dama kwashe ta ya hau kanki," in ji Malam yana duban Rage-Mini.

"A amalanke," in ji Rage-Mini, don hali zanen dutse ne.

"Mota."

"To rabin ɓaraguzan, sauran..."

Wuyan Auta ya fara murɗewa baya, a hankali, har wani abu ya yi ƙara.

"Duka! A mota! Na yarda!"

Malam ya sa muryar ta yi rantsuwa sau uku. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa. Can ta buɗe ido ta ce, "Mama, ruwa."

Da safe mai mota ya ga gaggawa a fuskar Hajiya, ya ce dubu ɗari biyu, ban da 'yan dako. Ta buɗe ƙasan akwati ta ƙirga masa. Har da tsintsiya ta bi baranda, ta tattara ƙurar a leda ta miƙa. Sauran aikin da rana tsaka aka yi shi, a cikakken lada, kantar girkin kuwa siminti aka shafe ta da shi.

Bayan wata guda ƙanwar ta zo gani, yaro a kafaɗa. Ta shafa simintin da yatsa.

"Ayya, Yaya, ina farin dutsen? Da kin yi magana ai da baban yara ya cika miki."

Rage-Mini ta buɗe baki za ta faɗa mata abin da ta tare mata. Sai ta tuna in ta faɗa, dole ta faɗi cewa har aljana ta raina kicin ɗinta ta zaɓi na ƙanwar. Ta haɗiye.

"Ni ban son abin da kowa ke da shi," ta ce. "Miƙo mini yaron nan, kin riƙe shi kamar buhu."