Mijin da Ya Ƙi Fitowa Daga Mota

Barakatu na zaune a bakin ƙofar ɗaki da kwanon kunun kanwa a hannu, jaririyarta na barci a kan cinyarta, sai rediyon mahaifinta ya katse waƙa ya ce ga sanarwa. Gwamnati ta sassauta dokar kulle: gobe daga safe zuwa la'asar an yarda mutane su fita su yi cefane, amma kowa ya sa takunkumi, a guji cunkoso.

"Alhamdu lillahi!" in ji Malam Labaran, ya bugi cinyarsa. "Sun fara gajiya da ƙaryarsu ke nan. Mutum da ƙafarsa da lafiyarsa a ce ya zauna a gida kamar mai takaba!"

Malam Labaran dillalin shanu ne a Karar Wudil, kuma tun da aka rufe kasuwa ko ƙuda ya gifta ta gabansa sai ya sha faɗa. A wajensa korona ciwon masu hawa jirgi ne, babu ruwanta da talaka.

Gwaggo Yelwa, ƙanwarsa, wadda ta riƙe Barakatu tun rasuwar mahaifiyarta, ta ɗago daga bakin murhu inda take tafasa ruwan wankan jego.

"To, sai mu ga ta angon ƙarni. An haihu bai zo ba, an yi suna bai zo ba, an ce kulle ne. Gobe kuma sai a ce me?"

"Zai zo, Gwaggo," in ji Barakatu tana murmushi.

Bara aka yi aurenta da Sharhabilu, ɗan Utai, malamin jinya a wani asibiti a Kano. Aure ne na ƙauna, kowa ya shaida. Da cikinta ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki, sai ga annoba, sai ga kulle, hanya ta rufe a tsakaninsu. Kawunsa ne ya tsaya aka raɗa wa jaririya suna Rabi, sunan mahaifiyar Barakatu, ana kiranta Nana. Ubanta bai taɓa ganinta ba sai a waya.

Da la'asar ya kira. Tun daga sallamarsa ta gane da magana.

"Barakatu, shiga ɗaki, ina son mu yi magana." Da ta shiga ya sassauta murya. "Akwai wani dattijo da na yi jinya satin jiya, ba mu san yana da korona ba. Abokin aikina da muka yi diyuti tare, nasa gwajin ya fito, yana ɗauke da ita. Ni ma an ɗebi nawa, ina jiran sakamako."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ki kwantar da hankalinki, garau nake jin kaina. Amma ba zan iya shiga gidan nan ba. Ga Nana, ga ki da ɗanyen jiki, ga Baba da ciwon suga. Wallahi shi na fi ji wa tsoro."

"To bari in gaya masa..."

"A'a! Please, Barakatu, kada ki gaya wa kowa. Kin san Hajiyarmu da hawan jini, in ta ji a bakin mutane faɗuwa za ta yi. Kin kuma san halin garinmu. In aka ji, ko gishiri ba mai sake shiga gidanmu ya saya. Yi mini alkawari."

Hawaye suka bi kumatunta.

"Na yi. Amma in haka ne, kada ka zo."

"Ba zan iya ba. Ni kaɗai zan tuƙo mota, ba zan fito ba. Ko ta gilashi ne in ga 'yata."

Washegari da hantsi Malam Labaran na kan tabarma a ƙofar gida, shi da amininsa Alhaji Dattijo da wasu maƙwabta, sai ga motar Sharhabilu ta tsaya can a gindin darbejiya. Aka jira a ga suruki ya fito, ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa kamar yadda ya saba. Shiru. Sai gilashi ya ɗan sauka, aka ga fuska rufe da takunkumi.

"Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya? Ya ya ƙarin haƙurin zaman gida?"

"Lafiya lau. Fito mana."

"Baba, a yi mini afuwa. Yanayin aikinmu ne, ba zai yiwu in fito ba. Ga kaya nan a but ɗin mota, na buɗe, sai a sa a ɗauka."

Malam Labaran ya dubi Alhaji Dattijo, ya dubi maƙwabta. Ya miƙe ya nufi motar da kansa.

"Me ka ce? Ban ji ba."

Yana matsowa, Sharhabilu ya ɗaga gilashi ya rufe ruf. A gaban mutane!

Daidai nan Barakatu ta leƙo bakin zaure, ta yaye zanen da ta lulluɓe Nana, ta ɗaga ta sama da hannu biyu. Ta ga mijinta ya manna goshinsa a jikin gilashi, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya lura yana kuka sai ita.

"Koma ciki!" Malam Labaran ya daka mata tsawa. Ya juya ya maida but ɗin ya rufe da ƙarfi. "Tafi da tsiyarka! Ban haifi 'yar da zan bai wa wanda yake ƙyamata ba!"

Ranar gidan bai ga zaman lafiya ba.

"Na faɗa, na faɗa!" Gwaggo Yelwa na tafa hannu. "Boko ya hau masa kai. Mu ne ƙazaman ƙauye, mu ne masu cuta. Ke kuma kin zauna kina zubar da hawaye a kan wanda ko ƙarnin 'yarsa ba ya son ji!"

"Gwaggo, wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne? Faɗi mu ji!"

Barakatu ta buɗe baki, ta tuna alkawari, ta sunkuyar da kai.

"Kin gani ko?" in ji Malam Labaran. "Ki saurare ni da kyau. Ranar da aka sake buɗe hanya zan je Utai wajen kawunsa, ya karɓo miki takardarki. Da ni da yaron nan har abada."

Ba a jima ba sakamako ya fito. Sharhabilu yana ɗauke da cutar, aka kai shi cibiyar killace masu ita. Da farko yana kira yana ba ta dariya, yana cewa hutu ya samu. Daga baya tari ya fara katse masa magana. Sai ya zama kalma biyu yake yi ya tsaya neman numfashi. Ran nan ta kira, aka ce wayar a kashe take. Ta sake kira, haka. Gari ya waye, haka.

Abinci ya daina shiga. Ruwan nono ya ja baya, Nana ta kama kukan yunwa. In Gwaggo na fyaɗa wa Barakatu ganye a wajen wankan jego, a nan ne take samun damar yin kukanta son ranta, a ɗauka zafin ruwa ne. A gefe guda kuma rediyo bai fasa ba: yau an samu ƙarin masu cutar, yau an sallami wasu, yau wasu sun riga mu gidan gaskiya. Duk sanda aka zo kan waɗanda suka rasu, sai ta toshe kunnuwanta.

A cikin wannan hali Alhaji Dattijo ya kwanta. Zazzaɓi ne, aka ce, sai numfashi ya riƙa sarƙewa. Kafin a yi shawarar asibiti rai ya yi halinsa. Ba wanda ya ce ga abin da ya kashe shi, amma Malam Labaran ya dawo daga maƙabarta jiki a sanyaye, ya zauna bai kunna rediyo ba, bai kuma yi wa kowa faɗa ba.

Duk da haka, ranar da aka sake sassauta doka ya sa babbar riga ya fito da babur. Barakatu ta hango shi. Ta san in ya kai Utai, aurenta ya mutu, mai auren kuma ba ta ma san ko yana raye ba. Ta ajiye Nana ta ruga ta zube a gabansa, ta riƙe ƙasan rigarsa.

"Baba, don girman Allah ka tsaya! Na yi alkawarin ba zan faɗa ba, Allah ya yafe mini. Sharhabilu korona ce ta kama shi. Ranar da ya zo yana jiran sakamako ne. Ya ce kai ya fi ji wa tsoro saboda sugarka, shi ya sa ya rufe gilashi. Yanzu yana kwance an killace shi, wayarsa a kashe, ban sani ba ko... ban sani ba..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Korona!" Gwaggo Yelwa ta yi baya da sauri har ta yi tuntuɓe da turmi. "Wayyo Allah! To ai yanzu ne ma za a raba! Wa zai maida 'yarsa gidan mai korona? Wa zai ƙara cin abincin hannunta? Yaya, ka hanzarta tun kafin gari ya ji!"

"Yelwa, yi mini shiru."

Malam Labaran ya jingine babur, ya zauna a kan dakali. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ashe yaron nan ya san zan zage shi a gaban mutane, ya zaɓi zagin." Ya goge fuska da hannun riga. "Ke kuma kina ji muna cin mutuncinsa, kina haɗiyewa ke kaɗai. Me ya sa ya hana a faɗa?"

"Saboda Hajiya, Baba. Hawan jininta."

"Ya yi kuskure a nan. Uwa ce, addu'arta yake buƙata yanzu fiye da ta kowa. Ba ni ƙyallen nan na hanci."

Ya ɗaura takunkumi, abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba, ya hau babur ya nufi Utai. Shi da kawun suka zaunar da Hajiya Turai, mahaifiyar Sharhabilu, suka yi ta kewaye-kewaye da nasiha kafin su gaya mata. Ba ta faɗi ba. Cewa ta yi jikinta ya daɗe da ba ta, ta tashi ta ɗauro alwala.

Abin da Sharhabilu ya ji tsoro kuwa bai fasa faruwa ba. Magana ta fita. Matan da ke shigowa ganin jaririya suka ɗauke ƙafa. A Utai aka daina aiken yara sayen gishiri da daddawa wajen Hajiya Turai. Har wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta kan katanga tana cewa a daina zubo ruwan wankan jego ta lungunsu. Barakatu ta ji, ta shige ɗaki ta rungume Nana. Malam Labaran kuwa duk wanda ya tare shi da zancen, amsa ɗaya yake ba shi: "E, surukina ne. Wajen jinyar iyayen wasu ya ɗauko ta. In kana da addu'a ka yi masa, in babu ka ba ni hanya."

Wata ranar Laraba da azahar wata baƙuwar lamba ta kira. Barakatu ta ɗauka.

"Maman Nana..." Murya ce siririya, kamar daga cikin rijiya. "Ni ne. An cire mini na'urar numfashi yau. Wayar wata nas na ara."

Ta ƙwalla ƙara har Gwaggo ta yar da muciya ta shigo a guje.

"Yana da rai! Gwaggo, yana da rai!" Ta koma kan wayar tana kuka tana dariya. "Ka yafe mini, na karya alkawari. Na gaya wa Baba, Hajiya ma ta sani."

"Sorry, Barakatu. Ni ne na ɗora miki kayan da ya fi ƙarfinki."

Sai da aka yi arba'in da haihuwar Nana da 'yan kwanaki kafin a sallame shi, likitoci suka tabbatar ya warke sarai. A lokacin an ƙara sassauta doka, har an fara maganar buɗe Kara. Bisa al'ada mata ne ke maida mai jego ɗakinta, amma Malam Labaran ya ce da shi za a je. Gwaggo Yelwa ta yi ta ƙunƙuni, sai dai ita ce ta kwana biyu tana tuyar dubulan, kuma ita ta riga kowa shiga mota.

Suka tarar da Sharhabilu a tsakar gida, ya rame har riga na yi masa yawo. Ya yunƙura zai durƙusa, Malam Labaran ya riƙe kafaɗarsa.

"Zauna, ɗana. Ni na zo ba ka haƙuri. Na yanke maka hukunci ban tambaye ka dalili ba."

"Haba Baba, wallahi ban riƙe ka da komai ba."

Barakatu ta kwance goyo ta miƙa masa. Ya karɓi Nana, ya kai fuskarsa kusa da tata. Yarinya ta buɗe ido ta ga baƙon mutum, ta canyara kuka iya ƙarfinta.

"Yawwa, rama mana!" in ji Gwaggo Yelwa, tana share ido da gefen mayafi. "Ke ma ki yi masa rowar fuska ya ji in da daɗi."

Aka kwashe da dariya, har da mai kukan farin ciki.

Haka Allah ya kuɓutar da auren Barakatu da Sharhabilu, bayan saura ƙiris fushi da zargi su rusa shi. Ku 'yan'uwana masu karatu, sau da yawa wanda ya nisance ka don ya tsare lafiyarka ya fi ƙaunarka a kan wanda ya rungume ka. Kada iyaye su yi gaggawar raba aure kafin su bincika, kada kuma a mayar da ciwo abin kunya har mai shi ya ɓoye. Barakatu ta yi haƙuri a lokacin da haƙuri ke da ɗaci, Allah kuwa ya maido mata da mijinta da ransa. Allah ya raba mu da annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.