Numfashin Rijiya

Ranar da Tatsuro ya gama shimfiɗa ɓarzajjen ɓawon itace a lambun bayan gida, sai ya riƙe ƙugu yana yaba wa kansa. Buhu arba'in ya zazzage, kaurin shimfiɗar ya kai taƙi guda. Tun rasuwar mahaifiyarsa ciyawa ta cinye lambun, shi kuwa so yake ya sayar da gidan su koma birni, har ya kafa allon sayarwa a ƙofa. Ɓawon zai danne ciyawa, ya riƙe laima, ba sauran durƙuso.

"Da Inna ta samu wannan, da gwiwarta ta huta," ya ce wa matarsa Fumie. "Shekara hamsin, kullum magariba tana durƙushe a gindin katangar can tana tsintar ciyawa."

"To, sarkin dabara, shigo kafin miya ta huce."

Suna cikin cin shinkafa da gasasshen kifi, kwaɗin lambu suka yi tsit. 'Yarsu tilo, Chizuru, mai shekara sha shida, ta dafe ƙirji, ta wangame baki, iska ta ƙi shiga. Can sai tsakuwa ta faɗo kan rufi. Wata ta biyo. Tatsuro ya fita ya tsinci ɗaya, jiƙe take sharkaf, ga sanyi, alhali an yi sati ba a yi ruwa ba.

Haka aka kwana shida ana yi. Likita ya zo ya auna, ya ce ƙirjinta ƙalau. Suka sa ta a mota za su asibitin birni, suna wuce ƙofar gida numfashin ya ɗauke gaba ɗaya, leɓɓanta suka yi baƙi, dole suka juyo. Ba dama a fita, zaman kuma ba sauƙi. Tabarmi suka jiƙe, ƙofofi suka kumbura suna ƙin buɗuwa. Tsoro ya kama Tatsuro, irin wanda namiji ke jin kunyar faɗa.

Fumie ce ta hau tudu ta ɗauko Malam Genzo, tsohon da ke kula da ɗakin bauta. Ya iso rana na faɗuwa, ya watsa gishiri a kusurwoyi, ya zauna gaban yarinyar yana karatu ƙasa-ƙasa. Da ya jima sai ya ce, "Baƙo, ko kuwa ɗan gida?"

Muryar da ta fito daga bakin Chizuru kamar daga cikin randa take. "Na riga harsashin gidan nan zuwa. Wa ya toshe mini hanci?"

Tsohon ya juyo. "Akwai rijiya a gidan nan?"

"An cike ta tun ina yaro, da famfo ya zo," in ji Tatsuro.

"Ina bututun gorarta?"

Kai, rashin sani ya fi dare duhu. Kowace tsohuwa a ƙauyen ta san idan an cike rijiya ana barin bututun gora ya leƙo, don aljanin rijiyar ya yi numfashi. Tatsuro kam ya ga wani guntun gora a gindin katanga, ya sa ƙafa ya karya, ya zuba ɓawo a kai.

"Numfashi ɗaya ya rage a gidan," in ji muryar. "Rabawa muke ni da ita. A tone mini rijiyata."

Malam Genzo ya ce, "Ba ta tonuwa, rabinta na ƙarƙashin kicin. Za a sa maka sabuwar gora, da gishiri da giyar shinkafa. Saki yarinyar."

"Gora tana toshewa. Tsohuwar ce ke share mini ita kullum magariba. Jininta nake so ya durƙusa a wurin."

"Idan wani ya sayi gidan fa?" Tatsuro ya tambaya.

"Wani bai san ni ba. Ni kuwa na san ƙirjin wannan yarinyar."

Malam Genzo ya juyo ya kalle shi. Tatsuro ya fita, ya durƙusa, ya dinga yaye ɓawon da hannuwansa har faratansa suka yi jini. Da ya zare abin da ya toshe gorar, wata iska mai sanyi ta huro masa a fuska. A cikin ɗaki Chizuru ta ja numfashi mai tsawo, ta fashe da kuka da muryarta.

Washegari ya tumɓuke allon sayarwa. Ɓawon yana nan a lambun, sai dai an bar fili kamar faɗin faifai a gindin katanga. Sai yanzu ya gane abin da ya sa Inna ba ta taɓa kwana a wani gari ba. Maƙwabta kan leƙo su ce, "Gado ba karambani ba, kai ma tsintar ciyawar?" Ya yi murmushi kawai.

Wata magariba yana durƙushe, Chizuru ta kawo masa tsohon matashin gwiwar kakarta, ta tsuguna kusa da shi.

"Baba, nuna mini yadda ake yi."

"Koma ciki," ya ce. Amma ba shi da wani ɗan da zai gaje shi, kuma su biyun sun sani. Ya matsa mata wuri.