Babur Ɗin Da Iklima Ta Zaɓa

"Wallahi ba da ni ba, Baban Larai! Ba a gidan nan ba!"

Iklima ta dire farantin shayi da ƙarfi har kofunan suka kara da juna. Mijinta Ja'afar yana zaune a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda ba ta lanƙwasuwa sosai. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na riga na yi magana da mai sayarwa. Gobe da hantsi zan je in duba."

"Ka duba me? Likkafaninka?"

"Babur zan duba, Iklima. Aiki zan yi da shi."

"Aikin duniya ya ƙare ne sai wannan?"

"A wajena ya ƙare!" Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Wata huɗu ina zaga wuraren gini a nan Tamanrasset. Duk wanda ya ga tafiyata sai ya ce in dawo wani mako. Wa zai ɗauki magini da ba ya iya hawa tsani? Yanzu mai buro, ofishin yawon buɗe ido, ya ce in na zo da babur ɗina, ni zan riƙa shiga gaban Turawa zuwa dutsen Assekrem. Ki gaya mini, in ce masa me?"

Daga ƙarƙashin rumfa aka yi gyaran murya. Inna Gwamma ce, mahaifiyar Iklima, wadda ta zo daga Damagaram wata biyu da suka wuce don maganin ido. Tun da ta zo ba ta taɓa yi wa surukinta magana kai tsaye ba.

"Iklima, tambayi mijinki ko ya manta rantsuwar da ya yi mini."

Ja'afar ya sunkuyar da kai. "Ban manta ba, Inna. Na tambayi malam, ya ce in yi kaffara, in ciyar da mutum goma..."

"Tambaye shi ko tuwon mutum goma zai dawo mini da Sadiƙu."



Sadiƙu yayan Iklima ne, kuma aminin Ja'afar tun suna lekkol, makarantar boko. Shekara shida ke nan, a hanyar Tanut, Ja'afar yana tuƙi Sadiƙu yana baya, babur ya kwashe su a kan yashi. Ja'afar ya farka a asibiti da karyayyar ƙafa. Sadiƙu bai farka ba. A lokacin an riga an sa ranar auren Ja'afar da Iklima, kuma Inna ba ta bari an ɗaura ba sai da ya dafa Alƙur'ani cewa shi da babur har abada.

"Ƙaddara ce, Inna," in ji Ja'afar a hankali. "Allah ya sani..."

"Ƙaddara!" Iklima ta katse shi. Ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. "Ɗaya bai ishe ka ba?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dafa bango ya miƙe.

"Ashe shekara shida kina riƙe da wannan a bakinki," ya ce. Ya sa takalmansa ya fita, shayin ma bai taɓa ba.

Iklima ta zame ta zauna. Tana son mutumin nan, tun tana 'yar sha biyar take leƙensa ta zana in ya zo wajen yayanta. Amma kuma har yau tana iya ganin zanen da aka lulluɓe Sadiƙu da shi.

"Share hawayenki ki saurare ni," in ji Inna. "Gobe ki bi shi. Ke 'yar makaniki ce, a garejin ubanki kika yi wayo. Duk wanda ya nuna, ki samo masa aibi. Ya dawo hannu biyu. In kuwa ƙarfen nan ya shigo gidan nan, ni na fita, kuma ba ki da uwa a Damagaram."

"Inna..."

"Na gama."

Washegari suka shiga taksi ɗaya kamar waɗanda ba su san juna ba. Yana gaba, tana baya. Da suka sauka a unguwar Gatal Wad bai jira ta ba, duk da ɗingishinsa.

Mai sayarwa wani Bakatsine ne, Zakariya'u, mai faffaɗan fili da aka kewaye da tsofaffin kwanon rufi. Yana sayen ababen hawan da Turawa masu ƙetare sahara suka gaji da su, ya gyara ya sayar. Ya tarbi Ja'afar da fara'a, ya yi wa Iklima kallon mamaki.

"Har da madam? To bismillah. Mashin uku gare ni, kowanne ya san hanya."

Na farko wani ƙato ne baƙi, mai akwatunan ƙarfe a gefe. Ja'afar ya shafa tankinsa.

"Wannan in ya faɗi sai mutum uku," in ji Iklima, fuska a murtuke. "Kuma in wani abu ya lalace, sai an aiko daga can Aljer, babban birni."

Ba ta ma buƙaci ƙari ba. Da Zakariya'u ya faɗi kuɗinsa, Ja'afar ya janye hannunsa da kansa.

Na biyu tsoho ne, farin fentinsa ya koɗe, kujerarsa ta yage an ɗinke da zaren buhu. Gajere ne, mai babban tanki. Zakariya'u ya danna maɓalli ya tashi nan take. Iklima ta saurara. Sautin yana tafiya daidai, ba ƙara, ba tari, hayaƙin ba launi. Ta leƙa ƙasan injin, ko ɗigon mai babu. Ba ta samu aibi ko ɗaya ba.

"Wannan ya mutu," ta ce, ta kau da kai. "Ba ka ji yadda yake kuka ba?"

Ja'afar ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ya wuce wajen na uku.

Ja ne, dogo, yana sheƙi kamar jiya aka fito da shi daga kwali. Kuma shi ne mafi arha, dinari dubu ɗari da ashirin, alhali tsohon farin sai da ƙarin dubu goma sha biyar.

"Wannan ne naka, Malam Ja'afar," in ji Zakariya'u. "In Turawa suka gan ka a kansa, sun san sun samu jagora."

Iklima ta zagaya shi. Me zai sa sabon abu ya fi tsoho arha? Ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashin tanki, wajen wuyan da ke riƙe da ƙafar gaba. Fentin wurin ya fi na sauran jiki kauri. Ta zaro makullin gida daga bakin zanenta ta kankara.

"Kai! Kai! Malam, ka zo da mace ta ɓata mini kaya?"

Fentin ya ɓare. Ga tabon walda nan, baƙi, mai ƙuraje, ya zagaye ƙarfen.

"Ya taɓa karyewa a wuya," ta ce. "An liƙa ne. Baban Larai, wannan ba zai kai ka Assekrem ba."

"Walda ce mai kyau," in ji Zakariya'u a fusace. "Ni na tsaya aka yi ta!"

Ja'afar bai ko sunkuya ya duba ba.

"Na farko ya yi nauyi, na biyu ya mutu, na uku ya karye," ya ce. "Da na huɗu ne, da kin ce aljanu ke cikinsa. Kina tsammanin ban san wadda ta aiko ki ba?"

"Wannan gaskiya nake gaya maka!"

"Sauran fa?"

Bai jira amsarta ba, ya juya mata baya.

"Rubuta takarda, Zakariya'u. Jan nake so."

Ya sa hannu cikin aljihun rigarsa. Iklima ta ga da gaske yake. Ta san hanyar Assekrem ko da ba ta taɓa zuwa ba, matan direbobi sun sha ba ta labari: hawa ne na duwatsu masu kaifi, rami a gefe ɗaya. Ta dubi tabon waldar, ta tuna fuskar Inna a ƙarƙashin rumfa. In ta ci gaba da ƙarya, jan zai saya don ya ƙona mata rai. In ta faɗi gaskiya, ta rasa uwa.

"Tsaya!"

Ta sha gabansa, ta manta da Zakariya'u da ma'aikatansa da suka daina aiki suna kallo.

"Farin lafiyarsa lau. Ƙarya na yi maka."

"Me kika ce?"

"Na ce ƙarya na yi! Injinsa ya fi na jan nan sau goma. Ba ya zubar da mai, ba a taɓa buɗe shi ba. Da maɓalli yake tashi, ba sai ka tsaya kan ƙafa ɗaya kana harbawa ba. Kuma gajere ne, ƙafarka ta hagu za ta kai ƙasa..." Hawaye suka zubo mata. "Jan nan ko bai karye ba, ya fi ƙarfin ƙafarka. In dai sai ka hau, to ka hau wanda zai dawo mini da kai."

Ja'afar ya tsaya, hannunsa a aljihu.

"Kin san abin da Inna ta ce. Ina bayan ƙofa, na ji."

"Na sani."

Zakariya'u ya ja tsaki ya tura farin gaba. "In za a gwada a gwada, rana tana yi."

Ja'afar ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya hau. Ya kama hannuwan babur ɗin. Sai Iklima ta ga abin da ba ta taɓa tsammani ba: yatsunsa suna karkarwa, gumi ya keto masa a goshi. Injin yana aiki a ƙarƙashinsa, shi kuwa ya kasa sa giya.

Ta matso kusa. "Lafiya?"

"Ina jin hannun Sadiƙu a kafaɗata," ya ce can ƙasa-ƙasa, idonsa a kan tanki. "Yana ce mini in rage gudu, ni kuma ina dariya. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kina ganin don daɗi nake son hawa abin nan, Iklima? Wallahi da akwai wata hanya..."

Maganar ta soke ta. Ashe yayanta ya ce masa ya rage gudu. Na ɗan lokaci ta ji kamar ta juya ta bar shi a wurin. Amma mutumin da ke gabanta ba wancan saurayin mai dariya ba ne. Shekara shida yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ita kuma jiya ta ƙara masa.

Ta ɗora yatsunta a kan nasa, ta danne karkarwar.

"To yanzu ka ji maganarsa. A hankali, masoyina. Ina nan tsaye."

Ya ja numfashi, ya yi bismillah. Babur ɗin ya motsa kamar mai tafiyar ƙasa, ya fita ta ƙofar filin, ya bi gefen busasshen kwarin da ya ratsa unguwar. Minti biyar ɗin nan Iklima ba ta san ta yi numfashi ba. Da ya dawo ya tsaya, ƙafarsa ta hagu ta dire ƙasa daram. Fuskarsa sharkaf, ba gumi kaɗai ba.

Sai da ta sa aka canza tayar baya, aka kuma nuna takardun dowan, wato kwastan, kafin ta bari ya biya.

Inna ta ji ƙarar tun daga bakin lungu. Ko da suka shigo, ta riga ta fara ɗaure kayanta.

Iklima ta durƙusa a gabanta. "Inna, ki saurare ni. Ko na so ko ban so ba sai ya saya. Wanda zai kashe shi ya ɗauka, shi ya sa..."

"Wa ya zaɓa?"

"Inna..."

"Na ce wa ya zaɓa?"

"Ni ce."

Inna ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɗaurinta. Ja'afar ya durƙusa a bakin rumfa yana ba ta haƙuri, ta wuce shi kamar turmi. Larai, 'yarsu mai shekara huɗu, ta riƙe mata zane tana kuka, ita kaɗai Inna ta shafa wa kai.

Kwana biyu bayan haka, da safe, Iklima ta raka ta tashar motocin In Gezzam, garin kan iyaka. Ja'afar ya ɗauko jakar, a ƙafa, ya miƙa wa direba, ya koma nesa ya tsaya. Inna ta shiga ta zauna gefen taga. Iklima ta kama bakin tagar da hannu biyu.

"Ki yafe mini, Inna. Don Allah ki dube ni ko sau ɗaya!"

Inna ta juyo. Idanunta da aka yi wa aiki suna zubar da ruwa, amma muryarta ba ta girgiza ba.

"In wata rana aka kawo miki labari, kada ki aiko mini. Ni na yi nawa kukan."

Motar ta tashi. Iklima ta bi ta taku huɗu, biyar, sannan ta tsaya. Ta tsuguna a tsakiyar tasha ta rufe fuska da mayafi, mutane suna ratsa ta.

Ta ji takun ɗingishinsa ya tsaya a gefenta. Ya jira har kukan ya lafa.

"Zan mayar da babur ɗin," ya ce. "Yau ɗin nan. Sai ki bi ta."

Ta girgiza kai. Ta share fuska, ta miƙa masa hannu ya tashe ta.

"Yaushe za ku tafi Assekrem?"

"Asabar."

"Ka dawo Lahadi, Baban Larai," ta ce, muryarta a dishe. "Yanzu kai kaɗai gare ni."