Askin Rana ta Bakwai

Da hantsin Talata aka tsinci gawar Abiodun, mai gyaran rediyo, a shagonsa na unguwar PZ, an rotsa masa ƙeya da guduma. Kafin azahar an kulle matarsa Janet, don duk layin ya sha jin faɗansu. Ta daina ba ɗansu maganin sikila, wai annabin cocinsu ya hana, shi kuma Abiodun ya rantse sai ya kai annabin ƙara.

Insifekta Dinatu ta fara da Chuks, maƙwabcin shago.

"Madam, gaba muke yi, ban musa ba. Amma ranar ina Kano sarin kaya."

Direban motar da ya shiga ya tabbatar.

Annabi Gregory kuwa a Samaru ta same shi, gashi har gadon baya.

"Ni Nazir ne, irin na Yahudawan dā, keɓaɓɓe ga Ubangiji. Shekara goma sha biyu ke nan aska ba ta taɓa kaina ba, ba na shan giya, ba na kusantar gawa. Jana'izar uwata ma ban je ba. Fitar min daga gida, kada ki ƙazantar da ni!"

Dinatu 'yar malamin coci ce daga Wusasa, ta san ragowar dokar da bai faɗa ba. Ogan ofis ya matsa a kai Janet kotu, Dinatu kuwa ta roƙi mako guda.

Ran kwana na takwas da kisan ta koma Samaru da kurata biyu. Gregory na tsakar gida da hular sanyi a tsakiyar zafin Afrilu, ga tantabaru biyu a kwando.

"Annabi, cire hular."

"Ke wace ce da za ki..."

Kurtu ya fizge ta. Kai tal, kamar ƙwarya.

"Shekara goma sha biyu ba aski," in ji Dinatu. "In wa'adin alwashinsa bai cika ba, abu ɗaya ke sa Nazir ya aske: mutum ya mutu farat ɗaya kusa da shi. Sai ya yi aski rana ta bakwai, ya kawo tantabaru biyu rana ta takwas. Ka iya yi wa hukuma ƙarya, amma ka ji tsoron yi wa Ubangiji."

Ta ɗora da cewa:

"A cocinka ba wanda ya rasu, na bincika. Faɗa min, annabi, wa ya mutu kusa da kai ranar Talata?"

Ya dubi tantabarun, ya miƙa hannuwansa a sa masa ankwa.

Ranar aka saki Janet, ta wuce asibiti da ɗanta kafin ta je gida.