Sukurun Da Ba Shi Da Kai

Rana ta kusa faɗuwa, makanikai sun fara wanke hannu da fetur, sai ga mijin yayar Lallaɓa ya shigo gareji rungume da fitilar mota. Lallaɓa mai wayarin ne, gyaran fitilu da wayoyin mota ne abincinsa. Sunan kuwa abokan aiki ne suka liƙa masa, don sukuru ko ya shekara yana cin tsatsa, shi ba ya yi masa ƙarfi. Ya ɗiga masa mai, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya bi shi a hankali har ya fito. Da wannan yake tinƙaho, wai bai taɓa karya ko ɗaya ba.

Shi da mijin yayar nan tasa, wani direba mai baki kamar reza, ba sa ga maciji. Darajar Yaya kawai direban yake ci, don ita ta goya Lallaɓa bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma duk duniya ba shi da kamarta.

"Injiniyan bakin titi," in ji direban, ya dire fitilar a kan benci. "Ka buɗe ta ka sa min ƙwai mai farin haske, ka ɗaura a hagu. Gobe da asuba zan kama hanya da yayarka da yara."

"Ina ka samo ta?"

"Aiki aka kawo maka ko bincike?"

"Wannan daga motar hatsari aka ciro ta. Dubi gefenta."

"To ka yi mata gaisuwa, in ka gama ka ɗaura."

Ya jefa masa makulli, ya tafi neman taya. Ɗaya bayan ɗaya makanikai suka watse, aka bar Lallaɓa shi kaɗai da ƙarar kwanon rufi yana hucewa.

Ya kifa fitilar, ya fara kwance murfin baya. Sukuran suka fito salin alin, ban da na ƙarshe. Shi wannan ba shi da kai. Ya kanga shi da sauran hasken da ke shigowa ta ƙofa, ya ga ba tsatsa ce ta cinye shi ba. Wurin karayar fari ne fes, a murɗe ta dama. Wani ne ya yi ta ɗaure shi har kan ya ɓalle. Lallaɓa ya ja tsaki, ya zagi ko wane ɗan koyo ne ya yi wannan ta'asa, sannan ya ɗauko guntun zarto ya tsaga wa guntun ƙarfen ɗan baki, yadda sukudireba zai samu wurin kamawa.

Ya sa sukudireba. Ko murɗawa bai yi ba, sukurun ya juya.

Ya janye hannunsa. Sukurun bai tsaya ba. Yana juyawa hagu a hankali, ƙiii, ƙiii, kamar wani na taya shi daga ciki. Ya fito, ya faɗi ƙasa, ya gangara ƙarƙashin benci.

Wata iska mai sanyi ta huro ta ramin. Warin ƙonanniyar roba ya cika garejin, a ƙarƙashinsa kuma ga ƙarnin jini. Lallaɓa ya ɗan karkato fitilar. Ya leƙa gilashin, ya ga ya yi gumi ta ciki, irin na numfashi. Yana kallo aka ja yatsa a kan gumin.

Sai fitilar ta kama.

Babu ƙwai a cikinta. Babu wayar da ta haɗa ta da batir. Amma haske ya fito, ja-ja, ya sauka a bangon da yake gwada saitin fitilu. Bangon ya ɓace. Hanya ce a wurin, doguwa, da wata kwana, da bayan babbar mota a tsaye babu ko alama. Ga motar direban a cuse a ƙarƙashinta. Ga Yaya a kujerar gaba, wuyanta ya lanƙwashe yadda wuyan mai rai ba ya yi.

"Ɗaura ni," aka raɗa daga ramin. Muryar a shaƙe take, kamar ta wanda ƙura ta cika wa baki. "Ni na san hanya."

Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshensa ya yi nauyi.

Murfin ya fara ɗagawa. Yatsu suka leƙo ta tsagar, dogaye, baƙaƙe, gaɓoɓinsu sun fi na mutum yawa.

A lokacin ya gane. Wanda ya karya kan sukurun nan ba ɗan koyo ba ne.

Ya danne murfin da gwiwa. Ya lalubi gwangwanin sukurai, ya ciro wani mai kauri, ya cusa a ramin. Yatsun suka cafke wuyan hannunsa. Sanyinsu ya ratsa har ƙashi.

Ya murɗa dama.

Fitilar ta zille a ƙarƙashinsa, hasken ya juyo ya shiga idonsa na hagu kamar an zuba tafasasshen ruwa.

"Bari," aka ce. "Bari mana."

Ya ƙara murɗawa. Sukurun ya kai ƙarshe. Hannunsa ya san nan ne wurin tsayawa, bai tsaya ba. Ya sa duk nauyinsa.

Ƙas.

Kan ya ɓalle. Yatsun suka sake shi. Duhu ya dawo.

Da rarrafe ya kai fitilar bayan gareji, inda duron baƙin mai yake, ya jefa ta ciki. Ta nutse ba tare da ko kumfa ba. Yana nan durƙushe yana haki direban ya dawo.

"Ina fitilata?"

"Ba za ta hau motar nan ba. Ka tafi da tsohuwar fitilar, ka bi rana."

"Na ce ina take?"

Lallaɓa ya ƙi nuna masa wurin, don ya san in ya faɗa, mutumin nan sai ya zura hannu ya tsamo ta. Direban ya ci kwalarsa, ya kira shi ɓarawo, ya kira shi mashayi, ya ce kada ƙafarsa ta sake taka masa gida. Lallaɓa bai ko ɗaga hannu ba.

Bayan sun dawo daga tafiyar, Yaya ta zo da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama.

"Auta, ka ba shi kayansa. In sayarwa ka yi, ka gaya min ni, in rufa maka asiri."

"Yaya, ba zan iya ba."

"Ni ce fa nake roƙonka."

Ya ba ta labarin tun daga farko. Ta saurara har ya gama, ta dubi idon nasa da ya yi fari, sannan ta ce ba ta taɓa zaton akwai ranar da zai dubi tsabar idonta ya shirga mata ƙarya ba. Ta juya. Wannan ya fi ciwon idon yi masa zafi.

Idon hagun bai ƙara gani ba. Duron kuwa yana nan, ya yi masa murfi ya sa an like da walda, kuma ko nawa aka taya ba ya sayarwa. Da magariba ba ya yarda ya juya masa baya.

Wani lokaci motar direban takan wuce ta gaban garejin, da tsohuwar fitilarta mai dishi-dishi. Yaya na kujerar gaba. In sun zo daidai ƙofarsa sai ta kau da kai, ta dubi ɗaya gefen titin. Shi kuwa yakan ajiye abin da ke hannunsa ya tsaya yana kallon yadda wuyan nata ke juyawa lafiya lau, har motar ta sha kwana.