Maƙerin da Aka Bayar Don Gishiri

A zamanin sarkin da ake wa laƙabi da Mai Haƙuri, da kaka, hatsi ya gama shiga rumbu, jakadan wani sarki mai suna Gagarau ya iso fada. Garin Mai Haƙuri garin ƙarfe ne, akwai tama a duwatsunsa, akwai maƙera a kowace unguwa. Gagarau kuwa shi ke riƙe da ƙofar hamada, duk kantun gishirin da zai sauko sai ya bi ta hannunsa. Tun iyaye da kakanni ƙarfe ke hawa, gishiri na saukowa, ba mai raina wani.

Jakadan bai ko durƙusa ba. Ya ce ubangidansa zai fita yaƙi, don haka daga yau ko allura kada a sayar wa wata ƙasa sai tasa. Sannan a ba shi Sarkin Maƙera ya koma can da zama, har da zugazugansa.

Kowa a fada ya san Sarkin Maƙera ba bara ba ne. Nono ɗaya suka sha da sarki, ɗaki ɗaya suka tashi.

"Ka gaya wa ubangidanka ƙarfe na sayarwa ne," in ji sarki. "Ɗan'uwana kuwa ba haja ba ne."

Gagarau bai ɗaga takobi ba, ƙofa kawai ya rufe. Da farko mutanen gari dariya suka yi, wai yaushe aka taɓa cin gari da lamin miya? Kafin rani ya raba, dariyar ta koma ciki. Fatu suka riƙa ruɓewa a hannun majema, shanu suka rame suna lasar bango, nama ba ya ajiyuwa. Makiyaya suka kora dabbobinsu suka yi gaba. Damina ta zo ta wuce, wani ranin ya sake kamawa, waɗanda suka yi wa sarki kirari ranar da ya kori jakada su ne yanzu ke zaginsa a bakin kasuwa.

Wata rana da hantsi Sarkin Maƙera ya shigo soron ciki, hannunsa duk gawayi, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Yaya, ka bar ni in tafi."

"Ɗan Inna, rufe mini baki. In na ba da kai yau, gobe wa zai nema?"

"Goben sai mai rai. Jiya Galadima ya tara manya a gidansa, kuma ba gaisuwa suka je yi ba. Ko ka ba da ni, ko su ba da mu tare."

Sarki ya amince, hawaye na bin gemunsa. Ya raka shi da ƙafa har bayan ganuwa, abin da sarki ba ya yi wa kowa.

Gagarau ya cika alkawari, a faɗi gaskiya. Ya buɗe ƙofa, madugu ya ɗaura wa raƙuma kaya, ayari ya kamo hanya. Sai dai akwai abin da masu rawani, na can da na nan, ba su taɓa sawa a rai ba, don ba su taɓa jan guga ba. Rijiyoyin hanyar ba su da mai su. Ƙa'idar fatake ce duk ayarin da ya sauka a zango, kafin ya tashi sai ya yashe rijiyar, ya rufe bakinta saboda na baya. Tunda aka daina wucewa, aka daina yasa. Ayari ya iso zangon farko ya tarar da rairayi, ya matsa zuwa na gaba da sauran ruwan salka, can ma rairayi. Madugu ya zubar da gishirin a daji ya juya, rabin mutanensa ba su koma gida ba.

Mai Haƙuri ya aika cewa gishiri bai zo ba, a maido masa ƙanensa. Amsar Gagarau gajeriya ce: "Ƙofa na ce zan buɗe, na kuwa buɗe. Ban yi alkawarin ruwa ba."

Masu riƙe da tarihi sun ce fatake sun sauya hanya, ba su sake bin waccan ba. Gishirin Gagarau ya taru a rumbuna ba mai saye, garin ƙarfe kuma ya watse gida-gida. Sarkin Maƙera ya tsufa a ƙasar mutane, can aka binne shi, su biyun ba su ƙara haɗa ido ba.

Labarin nan yana ci mini rai duk sanda na ba da shi. Gagarau ya ɗauka hanyar tasa ce saboda yana iya rufe ta, alhali waɗanda ke shiga rijiya da ƙwarya ne suka riƙe ta. Mai Haƙuri ya ƙi ba da ɗan'uwansa lokacin da bayarwar za ta yi amfani, ya ba da shi bayan ta daina. Ban san wanda zan fi zargi ba. Na dai san da ƙafarsa maƙerin ya fita don garinsa ya rayu, kuma ya yi tsawon rai har ya ji labarin watsewarsa.